Filasko a Kunun Inna

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san filasko. Ɗan tsiro ne da bai kai gwiwa ba, yana fitowa a kan rairayi inda ko ciyawa ba ta son zama. Furensa rawaya ne, 'ya'yansa kuma a cikin ɗan kwanso mai faɗi, lanƙwasasshe. Awaki ma ba su cika kula shi ba, mu ne muke kula shi. In ciki ya ɗaure sai a jiƙa ganyen da tsamiya a sha da safe, kafin azahar mutum ya san ya sha wani abu. Ni ma na sha, na kuma ba 'ya'yana. Ban zauna rubuta wannan don in zagi ganyen ba, balle in zagi wadda ta tsinko shi. Na rubuta ne don mai jinyar da za ta zo bayana ta san abin da ni ban sani ba sai da lokaci ya ƙure.

Sunana Zuwaira, ina koyarwa a wata firamare a Gashuwa. Mijina Isa, wanda nake kira Malam, gyaran injin ban-ruwa yake yi. Masu lambu a bakin kogi sun san shi kaf, domin daga nesa yake jin kukan inji ya faɗi abin da ke damunsa. Ya rasu bara, gab da kaka. Na fita takaba, na koma aji, amma har yau in na ji ƙamshin kunun tsamiya sai na nemi wuri na zauna.

Malam ɗan fari ne, mahaifiyarsa Inna kuma irin matan da ce, masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin ta faɗi sunansa ba. In ya zama dole ta yi maganarsa sai ta ce "mai inji". In ya je gaishe ta a gidan ƙanensa Habu, inda take zaune, yana tsugune a bakin ƙofa tana amsawa tana kallon bango. Habu kuwa, da gemunsa da komai, har yau tana tsame masa nama daga cikin miyarta. Ni da bakina ba ya shiru na sha tsokanar Malam, ina ce masa ya je ya bincika, wataƙila a kasuwar Jajimaji aka tsinto shi. Sai ya yi dariya ya ce ban san komai ba.

Ciwon ya fara ne da bazara, lokacin da aiki ya fi yi masa yawa. Ya daɗe yana kukan ciwon baya da ciwon kai, yana sayen ƙwayoyi a kemis yana kora su da shayi, ya koma bakin kogi. Sai na lura takalminsa na roba ya fara barin shaida a ƙafarsa. Da safe kuma fuska a kumbure, idanu sun shige ciki. Na ce ko dai ƙiba ce ta zo da tsufa, ya ce a'a, sai yanzu abincina ya fara karɓarsa. Muka yi dariya, amma ban daina duba ƙafar ba. A Gashuwa babu wanda bai san abin da kumburin ƙafa yake iya nufi ba. A layinmu kaɗai mun raka masu ciwon ƙoda maƙabarta fiye da yadda nake son tunawa, kuma ba wanda yake son ya fara furta sunan ciwon a cikin gidansa.

Makon farko na masu kawo magani ne. Maƙwabciyata ta ce hannu aka sa masa, tunda masu lambu sun bar kowa sun koma wurinsa. Abokinsa ya ce basir ne ya hau sama. Wani ya kawo saiwa a leda, wani gari a takarda, wata tsohuwa ta kawo wani abu baƙi a kwalba da ko ita ba ta iya faɗin sunansa ba. Na karɓi kowanne da godiya, na jibge su a bayan randa. Ni fa malamar makaranta ce, na rantse babu abin da zai shiga bakin mijina sai na san ko mene ne. Ina ta hura hanci da wannan wayo nawa.

Inna ba ta zo ba, ba ta kuma aiko a tambayi jikinsa ba. Na ji haushi, na kuma faɗa wa Malam na ji haushi. Sai wata safiya Habu ya tsaya da babur a kan hanyarsa ta kasuwa, ya miƙo mini wata tsohuwar langa mai murfi, an ɗaure ta tam da ƙyalle. Ya ce in ji Inna, kunu ne ya yi musu yawa. Washegari ma kunu ya yi musu yawa. Haka ya ci gaba da yi musu yawa kullum safiya, ba fashi. A lokacin Malam ya daina cin komai, ko romon kaza na yi masa sai ya kau da kai, amma kunun langar nan yakan tashi zaune ya shanye shi tas. Na ji daɗi, na ce ko banza wani abu yana shiga cikinsa.

Ba a daɗe ba gudawa ta fara. Tare da ita kumburin ya fara saɓewa, ƙafa ta koma shiga takalmi, idanu suka fito. Duk mai shigowa dubiya sai ya ce alhamdulillahi, dattin ciki ne yake fita. Ni ma haka na ɗauka. Har na fara shirin komawa makaranta.

A mako na uku ne abin ya juya. Malam ya tashi zai je masallacin ƙofar gida, ya kasa kaiwa zaure. Jijiyoyin ƙafarsa suna ɗaurewa har ya ciji hannun riga. Leɓensa ya bushe, ga amai, ga shaƙuwa ba ta tsayawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fitsari. Yini guda sai ya yi ɗan kaɗan, ja kamar shayin da aka manta a wuta. Na kira Habu muka sa shi a Keke zuwa asibiti. Muka bi layin kati, muka bi layin ganin likita, muka bi layin ɗibar jini, Malam yana kwance a kan benci da kansa a cinyata, ni da ban taɓa taɓa shi a gaban mutane ba. Da sakamako ya fito likitan ya duba takardar, ya dube ni, ya ce mu wuce Nguru yau, kada mu kwana. Ya tambaye ni ko yana shan wani maganin gida. Na ce ko ɗaya, kunu kawai yake sha.

Wani da muke kira Ba Modu ne ya kai mu. Maƙwabcinmu ne, dattijo Babarbare mai motar haya, kullum safiya yana ɗaukar fasinja daga Gashuwa zuwa Nguru ya dawo. Ranar ya sauke kujerar baya Malam ya kwanta, ya ƙi ɗaukar kowa, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Kafin mu kai Jajimaji mun tsaya a bakin hanya ban san sau nawa ba, Habu yana riƙe yayansa a bayan ƙaya, ni ina riƙe da buta ina kallon gabas don kada Malam ya ji kunya.

A Nguru aka ba shi gado a ɗakin maza, aka sa masa ruwa a hannu. Ni kuma na shimfiɗa tabarma a baranda tare da sauran masu jinya, kowa da risho da bokiti da nasa tashin hankali. Likitan da ya karɓe mu saurayi ne siriri, mai magana a hankali. Shi ne ya fara furta mini kalmar da nake gudu, ya ce ƙoda ce, kuma hawan jini ya daɗe yana cin ta. Amma ya ce da saura, in aka tsayar da gudawar nan akwai fatan ta ɗan farfaɗo ya koma gida da magani. Wannan "da saura" na riƙe, da ita nake kwana da ita nake tashi.

Washegari da hantsi sai ga Ba Modu a baranda, riƙe da langa a hannu biyu.

"Wushe, Malama. Ga saƙon tsohuwa. Tun asuba take tsaye a tasha."

Ya ce ta gaya masa wai kunu ne ya yi musu yawa, ya kai wa mutanen Nguru. A gefen giyar mota yake ajiye ta don kada ta zube, ya kawo da ɗuminta, da yamma ya biyo ya karɓi langar. Na tambayi nas ko zai iya sha, ta ce kunun gero ba laifi in ba da yawa ba. Hawaye suka zo mini. Na ce ashe dai tsohuwar nan tana da zuciya.

Mako guda muka yi a haka, ana zuba ruwa gudawa tana kwashewa. Aka auna bayan gida ba a ga komai ba. Aka canja magani, aka sake ɗibar jini, kullum ana aikena kantin magani na bakin ƙofa da wata sabuwar takarda. 'Yan kunnena suka tafi a wannan makon, tunkiyar da nake kiwo ta bi su. Likita yakan tsaya a kan Malam ya daɗe yana duba fayil yana girgiza kai. Akwai wani abu a jini da yake kira kiriyatinin, ya ce maimakon ya sauka hawa yake yi. Shi ma ya yi ta tambayata ko akwai abin da ake ba shi a ɓoye. Da ya yi tambayar karo na uku raina ya ɓaci, na ce masa likita, ni ba jahila ba ce, saiwoyin da aka kawo mana suna can bayan randa a Gashuwa, in yana so in aika a kawo masa ya gani. Ya ba ni haƙuri. Malam yana kwance yana jinmu.

Yunwa ce ta tona asirin. Wata safiya amai ya hana Malam shanye kunun, ya bar kusan rabi. Ni kuma rabona da abinci tun jiya da rana, ga kunun suruka ba a zubarwa. Na zauna a baranda na ɗaga langar na shanye. Daga ƙarshe na ji wani ɗan ɗaci a maƙogwaro, na ce tsamiya ce ta yi yawa. Kafin azahar cikina ya fara murɗawa. Na yi zarya tsakanin tabarma da bayi har matar da ke kusa da ni ta ce ko ni ma a ba ni gado. Ina tsugune a karo na ban san nawa ba sai abin ya faɗo mini, domin na san wannan murɗar, tun ina yarinya na san ta. Na fito na ɗauko langar da ban riga na wanke ba, na sa yatsa na shafo gindinta. Ga ɗan guntun ganye nan kore, wanda ya tsallake rariya.

Na shiga ɗakin, na ja labule, na sunkuya daidai kunnensa.

"Malam, ka san abin da ke cikin kunun nan?"

Ya mayar da ido kan fanka. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kurɓar farko. Tsamiya ba ta ɓoye shi ga wanda ya tashi da shi."

Da ba don a asibiti muke ba da na kurma ihu. Ya riƙo hannuna ya ce in zauna. Ya ce tun yana yaro, in zazzaɓi ya kama shi kakarsa ce ke jinyarsa, Inna ko goshinsa ba ta taɓawa. Amma da asuba zai tarar da ƙoƙon kunu a bakin ƙofa, da wannan ɗan ɗaci a ƙarshensa. Ba wanda ya taɓa ce masa ga wanda ya ajiye. Shi dai ya san akwai wadda ta fita daji ta tsinko, ta shanya, ta jiƙa, ta tace, saboda shi. Ya ce da farko ya ɗauka yana yi masa amfani, tunda kumburi ya sauka. Daga baya da likita ya yi ta tambaya jikinsa ya ba shi, amma bakinsa ya ƙi buɗuwa.

"Malama, ke uwarki ta rungume ki," in ji shi. "Ni wannan ne nawa. Ta yaya zan mayar mata da shi?"

Ban tausaya masa ba a lokacin, gaskiya. Na gaya masa maganganu masu zafi, na ce ya zaɓa, ko langa ko 'ya'yansa. Ya juya ya fuskanci bango. Can ya ce ya yarda ya daina sha, amma da sharaɗi: langa ta riƙa komawa wankakkiya kamar kullum, kuma kada wanda ya faɗa wa Inna.

Na je na sami likita da guntun ganyen a tafin hannuna. Da ya yi mini faɗa da na fi jin daɗi, amma bai yi ba. Ya dai sauke numfashi ya ce, "Malama, ba ganyen ne ya kawo ciwon ba, ƙodar ta daɗe da gajiya. Amma sauran da nake gaya miki, shi muke ta ƙoƙarin riƙewa. Muna zubawa ta hannu, ana kwashewa ta ƙasa." Na tambaye shi ko yanzu da aka gane za ta dawo. Ya ce za mu gani, kuma bai ƙara cewa da saura ba.

Na kira Habu gefe na gaya masa komai, na ce ko ba don yayansa ba, don tsohuwar da ke tsayuwa a tasha kullum asuba, ya san yadda zai yi ta daina. Ya zauna a kan dakali ya dafe kai.

"Matar Yaya, so kike in je in ce wa Inna ita ce? Wallahi sai dai a yi jana'iza biyu."

Ni ma ba zan iya ba. Bakin nan nawa da ake tsoro a makaranta, a gaban Inna gaisuwa kawai ya iya. Haka langa ta ci gaba da zuwa. In Ba Modu ya juya sai in zagaya bayan ɗakin in juye kunun a gindin darbejiya, in wanke langar in ɗaure da ƙyallenta. Ban taɓa zubarwa ban ji kamar na yi sata ba.

Gudawar ta tsaya cikin 'yan kwanaki, amma fitsarin bai dawo ba. Kumburin ya dawo ya fi na da, har ciki, har hannuwa. Ƙaiƙayi ya kama shi yana susa har jini. Aka ce sai an ɗora shi a injin wankin ƙoda. Ranar farko da aka haɗa masa tiyo, ya kasa kunne yana sauraron injin, sannan ya ce mini ai wannan ban-ruwa ne kawai, ɗaya na ja ɗaya na zubawa, da an ba shi sukuddireba da ya gano kansa. Ma'aikatan suka yi dariya. In an wanke sai ya wartsake, ya ci 'yar shinkafa, ya tambayi yara. Bayan kwana biyu sai ya koma gidan jiya.

Injin nan kuwa ba ya jin roƙo. Ko an sassauta wani abu, akwai allura, akwai ƙarin jini, akwai gwaji, akwai abincin mai jinya. Habu ya sayar da babur. Kayan aikin Malam suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ina ɓoye masa. Masu lambu suka haɗa abin da suka iya suka ba Ba Modu ya kawo, har da buhun albasa wai in sayar. Malaman makarantarmu ma sun yi nasu. Wasu dangin kuma da suka fi kowa yawan kawo saiwa, da aka zo maganar jini sai wayarsu ta daina shiga. Akwai ranar da aka ce a zo da wanda zai ba da jini, na tsaya a bakin ƙofar asibiti ina kallon masu Keke da masu tallan kifi suna wucewa, ina tunanin wa zan tare in roƙa. Wani ɗan kasuwa Inyamuri da ya kawo matarsa haihuwa shi ya naɗe hannun riga. Ban san sunansa ba har yau.

Kullum da hantsi Malam zai tambaya ko langar ta zo. In na ce ta zo sai ya ce in buɗe masa ya shaƙi tururin, in rufe in tafi da ita. Damina ta yi nisa, jikinsa yana ta ja baya. Ya fara rikicewa, wani lokaci ya kira ni da sunan kakarsa. Likita ya kira ni da Habu ya ce zuciyar ma ta fara gajiya, mu yi ta addu'a. Washegari Malam ya shaƙi tururin ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, da dai zai ga hannun da ke damawa. Ya rufe ido.

Na bar shi da Habu na bi Ba Modu Gashuwa. Matar Habu ta ce Inna ba ta nan, kullum in ta dawo daga tasha ta huta sai ta yi arewa da gari, ba ta faɗin inda za ta. Na bi hanyar da aka nuna mini, na wuce gonakin gero na ƙarshe, har inda ƙasa ta koma rairayi zalla. An yi ruwa kwanan baya, filasko ya yi fure, tudun duk ya yi rawaya. Can na hango ta a duƙe, ba takalmi, ta tattare haɓar zaninta tana tsinka tana zubawa. Tafiyar da ni mai ƙarfi na yi ina haki, ita take yi kullum.

Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta nuna mamaki ba, ba ta kuma daina tsinka ba. Ta tambayi hanya, ta tambayi ruwa a Nguru, sannan ta ce, "Ya masu jiki?"

Amsar da ake bayarwa ita ce da sauƙi. Na buɗe baki ta ƙi fitowa.

"Inna, babu sauƙi."

Ta tsinki wani reshen. "Ana dai shanyewa?"

"Inna, likita ya ce mai ciwon ƙoda ba ya ɗaukar ganyen wankin ciki. Ko kaɗan."

Hannunta ya tsaya. Ba ta dube ni ba. "Yau ya faɗa?"

"A'a, an kwana biyu."

"Langar kuwa tana dawowa wankakkiya."

"Ni nake zubarwa."

Ta miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Inna tsohuwa ce amma kanta ba ya barci, na ga tana lissafin makonnin a fuskarta. Can ta ce, "Kafin ya faɗa fa?" Na sunkuyar da kai. Sai na ga ganyen yana zubowa a kan ƙafafunta, ta saki haɓar zanin. Ta kakkaɓe hannu ta ce mu je kada mu rasa motar Nguru.

Da muka isa ba ta shiga ɗakin ba. Ta zauna a kan tabarmata ta ba taga baya, tana jan carbi. Kwana biyu tana nan, ina kawo mata abinci yana bushewa. Na gaya wa Malam tana baranda, ya yi murmushi ya ce in bar ta, ko nan ma ta yi nisa da zuwa. A rana ta uku da safe ta tashe ni, ta ce in samo mata gasara da tsamiya. Ta hura rishona da kanta. Zan ba ta wuri sai ta riƙo zanina.

"Tsaya ki ga abin da nake sawa."

Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo a duk jinyar. Na tsaya ina kallo har ta gama damawa. Ta sa na tambayo nas ko nawa aka yarda ya sha, nas ta ce ludayi biyu, kada a wuce. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ɗauki langar, ta shiga ɗakin maza. Ta zauna a bakin gadon tana kallon bango kamar yadda ta saba, ta miƙa ludayin ta gefe.

"A sha. Babu komai a ciki."

Habu ya tallafo kan yayansa, Malam ya kurɓa. Ya daɗe yana juya shi a baki kafin ya haɗiye.

"Inna, yau an manta ɗacin."

"An manta," in ji ta.

Ta ajiye ludayin. Sai ta ɗora hannunta a kan ƙafarsa, kumburarriyar ƙafar nan da ko ni nake tsoron taɓawa, ta bar shi a wurin. Malam ya rufe ido, hawaye suna bin gefen kunnensa. Na fita baranda na cusa mayafi a baki don kada a ji ni.

Bai cika mako ba bayan nan. Da hantsi ya cika, Habu yana yi masa kalmar shahada, hannun Inna yana inda ta saba ajiye shi. Ba Modu ne ya mayar da mu gida. A zaman makoki Inna ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba, mata suna ta yaba haƙurinta, suna cewa irin na da kenan. Ba ta sake yi mini waccan tambayar ta kan tudu ba.

Ina godiya ga likitan nan da bai taɓa ɗaga mini murya ba, da nas-nas ɗin da suka riƙa kirana Anti, da Ba Modu, da mutumin da ya ba da jininsa. Ina kuma da ƙorafi, ba zan ɓoye ba. Ciwon nan ya cinye gidaje a garinmu, amma har yau sai ƙafa ta kumbura muke sanin muna da ƙoda, kuma kowa yana iya sayen ƙwaya a kemis ya yi ta sha shekara da shekaru ba mai ce masa kai. Ke kuma mai jinya, in likita ya tambaye ki abin da mara lafiya yake sha, kada ki tsaya a kan saiwar da baƙi suka kawo, wannan kowa yana ganinta. Ki tuna da kwanon da ya fito daga hannun da ba a tuhuma. Ki ɗanɗana da bakinki tun ranar farko, ki tambaya ko da kunya za ta kashe ki. In kumburi ya sauka saboda gudawa, ba sauƙi ba ne, ki ɗauke shi ki yi asibiti.

Ina cikin takaba na daina cin abinci. Ba da gangan ba, abincin ne ya ƙi shiga. Uwata ta yi lallashi ta yi faɗa, yara suka yi kuka, na rame har zobena ya faɗi a wurin alwala. Wata safiya na ji motsi a bakin ƙofar ɗakina. Na ɗaga labule sai ga Inna, ta tako da ƙafarta tun daga gidan Habu, tana ajiye langar a kan dokin ƙofa. Wannan karon ba ta ce ya yi musu yawa ba. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Sha, Zuwaira. Babu komai a ciki."

Ta zauna a nan bakin ƙofar, ba ta tafi ba. Na kwance ƙyallen, na ɗaga langar da hannu biyu, na shanye tas tana kallona.